Me ya sa ake ɗaure manhajojin gyaran hoto dami guda, kuma wa ke yanke ranar fitar da sabuwa?

Wani ɗan'uwa mai sana'ar ɗaukar hoto ya aiko da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Manhaja ɗaya nake buƙata don gyaran hoto, amma sai a ce sai dai in biya kuɗin biyu ko uku a haɗe. Sannan wadda na saya shekarun baya lafiyarta ƙalau, amma da na sayi sabuwar kyamara sai ta ƙi buɗe hotunan. Ta yaya kamfanonin nan ke yanke shawarar abin da za su haɗa wuri ɗaya da lokacin da za su fito da sabuwa? Da gangan suke yi mana haka?"

Malam, da gangan ne. Ba ina nufin akwai wani da ke zaune yana ƙulla maka sharri ba. Lissafi ne aka zauna aka yi, kuma idan ka gane tushensa za ka riƙa hango abin da kamfani zai yi tun kafin ya sanar. Na fara wannan aiki tun lokacin da ake sayen manhaja a cikin kwali, da faifai da littafin bayani, kuma duk sauye-sauyen da na gani daga wancan lokaci zuwa yau abu ɗaya ne ke juya su: manhaja ba ta tsufa.

Duba kayan aikinka. Murfin da ke buɗewa yana rufewa a cikin kyamara yana da iyakar bugun da zai yi kafin ya gaji. Batir yana mutuwa, gilashi yana karcewa. Mai ƙera waɗannan ya san ko ba jima ko ba daɗe za ka dawo wurinsa. Amma manhajar da ka saya shekara goma da suka wuce, in dai kwamfutar da ka ɗora ta a kai tana nan, yadda ta yi aiki ranar farko haka za ta yi yau. Saboda haka babban abokin gogayyar mai manhaja shi ne hajarsa ta bara da ke hannunka. Masanin tattalin arziki Ronald Coase ya yi rubutu kan wannan tun 1972: mai sayar da abin da ba ya lalacewa, ko da shi kaɗai ne a kasuwa, da kansa yake takara. Albashin injiniyoyi kuwa duk wata ake biyansa. To daga ina kuɗin zai fito idan kowa ya riga ya saya kuma ya gamsu? Ɗaure manhajoji dami guda da tsara lokacin sabuntawa, duk ƙoƙarin amsa wannan tambaya ɗaya ne.

Bari in fara da lokacin sabuntawa, in ɗauki Adobe misali, tunda tarihinsu a fili yake. Photoshop ta farko ta shiga kasuwa a Fabrairun 1990. Daga 2003, lokacin da suka fara jerin da ake kira CS, jera shekarun ka gani: CS2 a 2005, CS3 a 2007, CS4 a 2008, CS5 a 2010, CS6 a 2012. Tazarar tana tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka gaggauta, mai saye bai gama morar kuɗin da ya biya ba, injiniyoyi kuma ba su tara wani abin a zo a gani ba. Idan aka yi jinkiri, ciniki ya yi ta raguwa wata bayan wata har masu hannun jari su fara ƙorafi. Kuɗin shigar irin wannan kamfani a wancan zamani tudu da gangare ne: watannin da sabuwa ta fito ya yi sama, daga nan ya yi ta sauka har wata ta zo. Shi ya sa galibi ranar fitowa ake fara tsayarwa, sannan a duba me zai iya kammaluwa kafin ranar. Abin da bai kammalu ba sai zagaye na gaba.

Wannan tsari yana shafar irin abin da ake ginawa, kuma a nan ne masu sana'a suka fi cutuwa ba tare da sun lura ba. Kowace sabuwar siga tana buƙatar abu ɗaya ko biyu da za a nuna a kan dandamali cikin minti biyu, mutane su riƙe baki. A 1994 abin shi ne shimfiɗa sassan hoto hawa-hawa, ka taɓa na sama ba tare da ka ɓata na ƙasa ba. A 1998 aka kawo damar komawa baya matakai da yawa in ka yi kuskure. A 2002 aka kawo burushin da ke share tabo a fuska ya saje wurin da fata, a 2010 kuma wanda ke cire mutum ko falwaya daga hoto ya cike gurbin da kansa. Duk waɗannan ci gaba ne na gaske, na ci moriyarsu, ba zan raina su ba. Amma ƙananan gyare-gyaren da mai aikin awa takwas a rana ya fi buƙata, kamar taga mai jinkirin buɗewa ko maɓallin da aka ɓoye can cikin lungu, su ne ke shan kaye a zaman raba aiki. Ba wanda zai cire dala 199 na sabunta Photoshop don an ce masa an rage masa daƙiƙa biyu, ko da kuwa sau ɗari uku yake maimaita wannan mataki a wuni.

Akwai kuma wani dalili da mutane kaɗan suka sani, na akantoci. A Amurka an kafa wata ƙa'idar lissafin kuɗin manhaja a 1997. A taƙaice cewa ta yi, idan ka sayar da abu alhali da sauran wani ɓangarensa da za ka kawo daga baya, ba za ka rubuta duka kuɗin a matsayin wanda ka samu ba sai ka cika. Saboda haka masu sayar da lasisin dindindin, wato ka biya sau ɗaya ka riƙe manhajar har abada, suka riƙa gudun ƙara sabon abu kyauta tsakanin siga da siga. Gyaran kuskure ba laifi, amma sabon kayan aiki sai ya jira kwali na gaba. A 2007 Apple ya karɓi dala 1.99 don kunna wani sabon nau'in Wi-Fi da ke cikin wasu kwamfutocinsa tun daga masana'anta, ya ce ƙa'idar lissafi ce ta sa. A Yunin 2015 aka ƙara wa Lightroom, manhajar Adobe ta tsara hotuna da gyara su, abin cire hazo daga hoto. Masu biyan wata-wata suka samu, waɗanda suka sayi Lightroom 6 ɗungurungum wata biyu kacal kafin nan ba su samu ba, alhali kusan manhaja ɗaya ce. Ƙa'idar gaskiya ce. Sai dai a ganina ta faɗi daidai inda kamfanonin ke so, shi ya sa ake saurin kafa hujja da ita.

Masu saye ma sun iya lissafi. Da yawa sun koyi tsallake siga ɗaya ko biyu, tunda rangwamen sabuntawa yana aiki har ga wanda ke baya da siga uku. A Nuwamban 2011 Adobe ya ce daga CS6 sai mai sigar ƙarshe kaɗai zai samu rangwamen. Aka yi masa ca, ya sassauta, ya ba masu CS3 da CS4 wa'adi zuwa ƙarshen 2012. Wannan ya nuna maka adadin da ke hana su barci: mutum nawa cikin ɗari ne suka sabunta.

Yanzu ga matsalar kyamararka. Ɗanyen hoton da kyamara ke ajiyewa ba hoto ba ne tukuna, bayanan hasken da ya faɗa kan na'urar cikinta ne, kuma kowane kamfani da yadda yake rubuta su. Nikon na da NEF, Sony na da ARW, Canon ya tashi daga CR2 ya koma CR3 a 2018. Ko sunan fayil bai canza ba, duk sabuwar kyamara sai an same ta an auna yadda take ganin launi a hasken rana da na fitila, sannan manhaja ta iya fassara ta daidai. Aiki ne na gaske, kuma ba ya ƙarewa. A farkon 2003 daban ma Adobe ke sayar da Camera Raw, manhajarsa ta fassara ɗanyen hoto, a kan dala 99, kafin ya cusa ta cikin Photoshop a ƙarshen shekarar. Al'adar da ta kafu a sana'ar ita ce, da zarar sabuwar siga ta fito, ita kaɗai za a riƙa koya wa sababbin kyamarori. Ka ga ke nan an samo abin da zai tsufar da manhajar da ba ta tsufa. Kasuwar kyamara ce ke juya mata agogo.

Dole ne sai an yi haka? Kula da tsofaffin sigogi yana cin kuɗi, wannan ba musu. Amma ranar da ake daina kula da su shawara ce ta ciniki. Hujjata ita ce tun 2004 Adobe ke ba da wata ƙaramar manhaja kyauta da ke mayar da ɗanyen hoton sabuwar kyamara zuwa tsarin DNG, wanda tsohuwar siga ke iya buɗewa. Wato an bar ƙofa, sai dai an matse ta. Mai ɗaukar hoto dubu biyu a taro ɗaya zai gaji da wannan ƙarin mataki ya biya. Mai yi don sha'awa zai daure, kuma daurewarsa ta fiye wa kamfani a kan ya fusata ya koma wani wuri.

Ɗaya agogon kuma na masu ƙera kwamfuta ne. Apple ya koma ƙwaƙwalwar Intel, wato ɗan guntun da ke sarrafa aikin kwamfuta, a 2006, masu Photoshop suka yi ta fama da nawa har CS3 ta fito a 2007. A 2019 macOS Catalina, sabon tsarin aikin kwamfutocin Apple, ya daina karɓar manhajojin tsohon tsari na 32-bit, abubuwa da yawa da mutane suka saya da sunan na har abada suka daina buɗewa. A 2020 aka sake sauya ƙwaƙwalwa zuwa M1. Ba mai manhaja ne ya jawo waɗannan ba, amma shi ke zaɓar ko ya ba da gyaran kyauta ko ya liƙa shi a sigar da sai an biya.

To batun dami. Ga misali da na tsara da kaina don a gane. Mutum biyu ne. Na farko mai ɗaukar hoton taro, manhajar tsara hotuna da wanke ɗanyensu ta kai masa darajar dala 100, ta haɗa hoto da zane kuma 40 kawai. Na biyu mai zanen talla, shi kuma akasin haka. Idan kamfani ya sa wa kowace 100, kowa zai ɗauki ɗaya, ciniki ya tashi 200. Idan ya sa 40 don kowa ya ɗauki biyu, ya tashi 160. Amma ya ɗaure su tare a kan 140, dukansu za su saya, ya tashi da 280, ba tare da ya ƙara komai a cikin manhajojin ba. Mutane sun sha bamban kan darajar abu ɗaya-ɗaya, amma idan aka haɗa abubuwa, kimar da kowa ke yi wa damin tana matsowa kusa da ta ɗan'uwansa, sai farashi ɗaya ya kama su duka. Kuma kwafi na biyu ba ya cin kamfani ko sisi. Da kyamara ce ba zai iya ƙara maka wata a sama ba, don kowace da kuɗin ƙera ta. Saboda haka idan ka ji kamar kana biyan kuɗin abin da ba ka amfani da shi, ka sani ko da an raba, ba rabin farashi za a sayar maka da wadda kake so ba. Kusan kuɗin damin za a sa mata.

Dalili na biyu katanga ce. Lokacin da InDesign, manhajar Adobe ta tsara shafuka, ta fito a 1999, QuarkXPress ta kamfanin Quark ce ke riƙe da aikin tsara jaridu da mujallu. Daga 2003 duk wanda ya sayi damin Adobe saboda Photoshop da Illustrator sai ya tsinci InDesign a hannunsa, kuma wannan na cikin abubuwan da suka karya Quark. A fagen hoto ma an gwabza. Apple ya fito da tasa manhajar tsara hotuna mai suna Aperture a ƙarshen 2005 a kan dala 499, Lightroom ta biyo a 2007 a kan 299. Aperture ta sauko 199 a 2008, ta sauko 79.99 a 2011. Lightroom ta sauko 149 a 2012. A 2014 Apple ya sanar cewa ya daina. Irin wannan rige-rigen rage farashi ba kamfanin da ke son a maimaita shi, kuma dami ne maganinsa. Da zarar an ɗaure Lightroom da Photoshop, duk wani sabon da ya zo da manhajar wanke ɗanyen hoto, komai kyanta, yana roƙonka ne ka biya kuɗi a kan abin da kake ganin ka riga ka samu kyauta a cikin dami.

Sannan akwai wanda ba manhajar yake sayarwa ba sam. Tun kafin Adobe ya fitar da Photoshop, wani kamfanin sikana mai suna Barneyscan ya raba kwafinta kusan 200 tare da na'urorinsa. Canon na ba da Digital Photo Professional kyauta, Nikon na ba da NX Studio, domin kyamara da gilashi ne cinikinsu. Labarin da na fi yawan ba mutane shi ne na Nik Collection, tarin ƙananan manhajoji da ake jonawa a jikin Photoshop. Kusan dala 500 ake sayar da ita. Google ya sayi kamfanin a 2012, idonsa na kan Snapseed ta waya. A 2013 ya mayar da ita 149, a 2016 ya ce kowa ya ɗauka kyauta, bayan shekara guda ya ce ba shi da niyyar ci gaba da sabunta ta. DxO na Faransa ya saye ta a 2017, ya dawo da ita kasuwa da farashi a 2018. Kaya ɗaya, farashi huɗu cikin shekara shida. Abin da ya riƙa canzawa shi ne wa ke riƙe da ita da kuma me yake nema. Kuma ka lura, lokacin da take kyauta shi ne lokacin da aka yi watsi da ita.

Abin da aka cire daga dami ma an yi shawara a kansa. Photoshop Elements da ta fito a 2001 daga tushe ɗaya take da babbar, amma an zare mata kayan da mai aikin ɗab'i ba zai iya rayuwa ba su ba, don kada ƙwararre ya tsaya a mai araha. Wani lokacin kuma abin ba mallakar kamfanin ba ne, aro ya yi. A ƙarshen 2022 aka cire yawancin kundayen launin Pantone daga manhajojin Adobe, sai ka biya Pantone, kamfanin da ya mallaki wannan ma'aunin launukan ɗab'i, daban.

A Mayun 2013 Adobe ya ce CS6 ce ta ƙarshe, daga nan sai biyan wata-wata. Sun san za su sha wuya kafin su ga daɗi. Kuɗin shigarsu ya sauko daga dala biliyan 4.4 a 2012 zuwa kusan biliyan 4.06 a 2013, riba kuma ta faɗo daga miliyan 833 zuwa miliyan 290. A 2024 kuɗin shigar ya kai biliyan 21.5, ko da yake akwai wasu harkoki da kamfanonin da suka saya a cikin wannan adadi. Masu hoto ne suka fi ɗaga murya a lokacin, kuma da gaskiyarsu: babban damin dala 49.99 ne a wata, cike da manhajojin bidiyo da zane da ba ruwansu da su. A Satumban 2013 aka fito musu da nasu ƙaramin dami, Photoshop da Lightroom a kan 9.99. Wato damin da kake ƙorafi a kansa, ƙorafi ne ya haife shi. Farashin ya zauna fiye da shekara goma sha ɗaya, sai a Janairun 2025 aka rufe shi ga sababbin shiga, aka ƙara wa masu biya duk wata zuwa 14.99.

Wa ya ci riba, wa ya faɗi? Sabon shiga a 2012 sai ya ajiye dala 699 na Photoshop da 149 na Lightroom, wanda ya kai kuɗin haya na shekara bakwai. Shi kam an buɗe masa ƙofa, kuma da yawa da ke amfani da kwafin sata sun koma na halal a dalilin haka. Wanda ke sabuntawa duk zagaye, 199 na Photoshop da 79 na Lightroom ke nan duk shekara biyu, shi ma bai yi asara ba. Wanda ya faɗi shi ne irinka, mai riƙe kayansa shekara biyar. Daga CS3 zuwa CS6, dala 199 a shekara biyar kusan 40 ke nan a shekara. Da damin 2013 ya zo, sai ya koma 120. Kuma dama saboda irinka aka sauya tsarin.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A tsarin haya abin da kamfani ke dubawa shi ne mutum nawa suka fita a wannan wata. Alherin da ke ciki shi ne abu na kammaluwa ake sakinsa, sabuwar kyamara ba ta daɗewa ake koyar da ita, kuma ƙananan gyare-gyaren nan da na ce suna shan kaye sun samu ɗan wuri, tunda su ne ke sa mai aiki ya zauna. Sharrin kuma shi ne riƙe mutum hanya biyu gare shi: ka faranta masa, ko ka sa fita ta yi masa wuya. A da idan sabuwar siga ba ta burge ka ba, sai ka ƙi saya, kuma wannan ƙin murya ce da ake ji. Yanzu idan ka daina biya, Photoshop ta rufe. Lightroom Classic, wato Lightroom ta asali ta kwamfuta, tana barin ka ga kundinka ka fitar da hotuna, amma ɗakin gyara a kulle. Gyaran shekara goma da ke cikin kundin kuwa ba wata manhaja da za ta karanta shi daidai yadda ka bar shi. A Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta kai Adobe kotu bisa zargin cewa bai bayyana wa mutane ƙarara ba cewa tsarin shekara da ake biya wata-wata yana da tarar fita, rabin abin da ya rage na shekarar. Zargi ne a lokacin, amma ya nuna inda hukumomi suka sa ido. Ni a nawa ra'ayin, haya ba laifi ba ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shigo-shigo ba zurfi.

Waɗanda suka ƙi bin wannan hanya ma matsalar ba ta ƙyale su ba. Serif na Ingila ya fito da Affinity Photo a 2015 a kan dala 49.99, biya ɗaya, ya yi ta ba da sabuntawa kyauta har zuwa siga ta biyu a Nuwamban 2022. Mutane sun yaba, nima na yaba, amma shekara bakwai ke nan kuɗi ba ya shigowa sai daga sababbin masu saye. A Maris na 2024 Canva, kamfanin manhajar zane ta intanet, ya sayi kamfanin, a Oktoban 2025 aka haɗe manhajojin Affinity uku suka zama ɗaya kyauta, kayan ƙirƙirarriyar basira kuma sai mai biyan Canva. Tuna da labarin Nik ka tambayi kanka me mai ita yake sayarwa yanzu. Capture One, wani kamfanin manhajar wanke ɗanyen hoto, daga 2023 ya ci gaba da sayar da lasisin dindindin, amma abin da ka saya ranar shi ke nan, sababbin kayan aiki na masu haya ne. Wasu ƙananan kamfanoni kuma duk shekara suke fitar da siga, kusan kullum tsakanin Satumba da Nuwamba, daf da lokacin babban cinikin ƙarshen shekara. Idan kana son ganin yadda zagayen yake in babu matsin kuɗi, dubi GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta wadda 'yan sa-kai ke ginawa: siga 2.10 a Afrilun 2018, siga 3.0 sai a Maris na 2025. Ba wanda ya tilasta maka biya, amma ba wanda za ka iya matsa wa ya yi sauri.

Ƙirƙirarriyar basira ta taɓa ginshiƙin lissafin da na yi maka a sama. Na ce kwafi na biyu ba ya cin kamfani komai. To tun daga 2023, da Photoshop ta fara ƙirƙiro sassan hoto daga rubutu, irin wannan aiki a manyan kwamfutocin kamfani ake yin sa, kuma duk dannawa ɗaya da kuɗin wuta da na injin da ta ci. Shi ya sa aka fito da ƙididdigar maki na wata-wata, in sun ƙare ka jira ko ka ƙara kuɗi. Ina sa ran dami zai ci gaba da rabuwa gida biyu: abin da kwamfutarka ke yi da kanta ya yi araha ko ya zama kyauta, abin da ake yi maka daga nesa a riƙa auna maka shi.

Kai kuma a halin da kake ciki, kada ka yi gaggawar biya. Fara gwada mayar da hotunan sabuwar kyamarar zuwa DNG, ko ka wanke su da manhajar da mai kyamarar ke bayarwa kyauta ka fitar da su a TIFF, tsarin hoto mai riƙe inganci da tsofaffin manhajoji ke buɗewa, sannan ka ƙarasa a tsohuwar taka. Yi haka na mako biyu ka auna lokacin da yake ci maka. Idan awannin sun fi kuɗin haya daraja, ka biya da kwanciyar hankali, amma ka karanta ko alkawarin na wata ne ko na shekara kafin ka danna. Idan lasisin dindindin za ka saya a wani wuri, ka tambaya har yaushe za a riƙa ƙara masa sababbin kyamarori, kuma kada ka saya a watan da ake jiran sabuwa sai in an rubuta cewa za a ba ka ita. Duk wadda ka zaɓa, ka riƙa ajiye ɗanyun hotunanka a jakunkunan da kai ka tsara, ka kunna rubuta bayanan gyara a fayil ɗin XMP kusa da kowane hoto, kuma duk aikin da ka gama ka fitar da kwafinsa a TIFF mai 16-bit ka ajiye a faifai biyu.